Tambayoyinku Kan Daɓen Gida: Tayil, Katako, Mabul da Kafet

Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan daɓe suka zo, don haka na ware filin kacokan na ba su. Shekara ashirin da 'yan kai ina durƙushe a kan daɓen mutane, gwiwoyina su ne shaida. Abin da na lura shi ne mai gida da ido yake zaɓen daɓe, alhali ƙafa da ruwa ne za su zauna da shi. Ga shida daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun kusa kammala gininmu, saura daɓe. Na ga wani farin tayil mai sheƙi kamar madubi, raina ya biya, ina so a shimfiɗa shi ko'ina har banɗaki don gidan ya zama launi ɗaya. Mai sayarwa ya ce fosilen ne, wai ya fi siramik. Mahaifiyata mai shekara 74 za ta zauna tare da mu. Mene ne bambancinsu, kuma ko ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sa a shiga lafiya, Ya ƙara wa Mama nisan kwana. Da batunta zan fara, domin ya fi batun fosilen nauyi.

Wannan tayil da kika gani kyan ɗan maciji ne da shi a banɗaki. Yana bushe ba ruwansa da kowa, amma da zarar ruwan sabulu ya zuba a kai, ƙafa ba ta da abin kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu a jerin haɗurran da suka fi kashe mutane a duniya, bayan haɗarin hanya, mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Yaro ya faɗi ya miƙe ya ci gaba da wasa. Dattijuwa in ta faɗi a kan ƙugu, sau da yawa daga nan kwanciya ta fara. Ina roƙonki da babbar murya, kada wannan tayil ya shiga banɗaki, ko kicin, ko baranda inda ruwan sama ke feshi.

Akwai ma'aunin santsi da Jamusawa suka fito da shi, za ki gan shi a jikin katan ɗin tayil na kirki, daga R9 zuwa R13. Yadda suke gwajin, mutum ne zai sa takalmi ya yi tafiya a kan tayil da aka shafa wa mai, ana ɗaga gefe ɗaya sannu a hankali har sai ya zame. R9 bai wuce digiri 10 ba ake zamewa, R11 kuwa yana riƙe ƙafa daga digiri 19 har zuwa 27. Falo da ɗakin kwana R9 ya wadatar. Kicin da banɗaki ki nemi R10 ko R11. Akwai kuma wani gwajin na ƙafa babu takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil, mai haruffa A, B da C, wurin wanka B ake so ko C. In katan ɗin bai nuna komai ba, ki karɓi tayil ɗaya ki ajiye a ƙasa, ki zuba masa ruwa da ɗan sabulu, ki dafa bango ki murza tafin ƙafarki a kai. Abin da ƙafarki ta gaya miki shi ne gaskiya. A daidai wurin wankan kuma na fi son ƙananan tayil, domin yawan layukan da ke tsakaninsu suna ƙara riƙe ƙafa, kuma sun fi sauƙin bin gangare. A tabbata an karkatar da daɓen wajen magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta.

To, batun fosilen da siramik. Dukansu yumɓu ne aka gasa. Na fosilen ya fi laushin gari, an fi matse shi, kuma an gasa shi a wuta mai zafin digiri 1,200 ko sama da haka, har ƙofofin da ke jikinsa suka toshe. A ƙa'ida ba a kiran tayil fosilen sai in ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Siramik yana shan ninkin haka da yawa. Ki juya bayan tayil ɗin ki ɗiga masa ruwa. In ɗigon ya zauna ƙuri yana kallonki, fosilen ne. In ya nutse cikin 'yan daƙiƙu ya bar tabo mai duhu, siramik ne, ko me mai sayarwa ya faɗa. Siramik ba abin ƙi ba ne, a bango da ɗakin kwana yana yin aikinsa. Amma mashiga da falo da kicin, inda ƙafa ba ta ɗaukewa, fosilen ya fi juriya. Ki duba lambar PEI ma, wadda ke nuna ƙarfin fatar saman: 1 da 2 na bango ne da wuraren da ba a yawan takawa, 3 ya isa ɗakuna, 4 na mashiga da falo.

Abu na ƙarshe, sheƙin nan ba ya daɗewa a bakin ƙofa. Ƙwayar yashin da takalmi ke kwasowa tana da taurin 7 a ma'aunin Mohs (wanda ake auna taurin duwatsu da shi), ta fi fatar yawancin tayil tauri. Bayan 'yan shekaru za ki ga hanya ta dusashe daga ƙofa zuwa kujera, gefe da gefe kuma na ta ƙyalli. In ranki yana kan farin nan, ki sa shi a bango, can zai yi miki ado ba tare da ya cuci kowa ba, ki nemi ɗan'uwansa mai launi ɗaya marar sheƙi a sa a ƙasa. Yawancin kamfanoni suna fitar da su biyu-biyu.

Tambaya: Malam, shekara biyu ke nan da aka sa min tayil a falo. Wani dare muka ji ƙara kamar an yi harbi, da gari ya waye muka tarar tayil huɗu sun tashi sun yi tozo a tsakiyar falon. Wasu kuma in an taka sai su yi amo kamar ganga. Wanda ya yi aikin ya ce tayil ɗin ne ba shi da kyau. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye gaba. Ruwa ba ya tsami banza, amma da wuya laifin ya zama na tayil. Tayil marar kyau tsagewa yake yi ko fatarsa ta goge. Wanda ya tashi ya yi tozo matse shi aka yi har ya rasa wurin motsi.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarka. Kankare da siminti suna tsukewa yayin da suke bushewa, kuma ba su daina ba sai bayan watanni. Shi kuwa tayil yana ɗan buɗewa in ya ji zafi. Na ƙasa yana janyewa, na sama yana faɗaɗa. In an manna tayil da juna babu tazara, aka kuma tura na gefe ya ci bango, to ƙarfin nan taruwa yake yi a hankali har ranar da zai sami wuri mafi rauni ya fashe. Ƙarar da kuka ji ke nan. Ya kamata a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin kowane tayil, a bar kamar milimita 6 a gindin bango, sikatin, wato siririn tayil da ake manna wa gindin bango, zai rufe shi ba wanda zai gani. A babban falo kuma, duk mita 6 zuwa 8 a bar layi ɗaya a cika shi da silikon mai laushi maimakon farin siminti. Inda rana ke duka ta taga ko baranda, a rage nisan zuwa kamar mita 3. Na san masu gida da yawa ba sa son ganin layi, suna cewa a haɗe musu kamar shimfiɗa ɗaya. Ni ba na karɓar wannan aikin.

Amon gangar kuma yana nuna akwai rami a ƙasa. Wasu masu aiki dunƙule biyar suke sa wa tayil, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su danna su wuce. Aikin yana sauri, kaya suna saura, amma fiye da rabin tayil ɗin a kan iska yake. Daidai shi ne a shafa gam ɗin tayil da cokali mai haƙora, layukan su kalli gefe guda, a danna tayil ɗin a ɗan ja shi gaba da baya har layukan su kwanta. Aƙalla kashi 80 cikin ɗari na bayansa ya kama a busasshen wuri, kashi 95 a wurin ruwa. In tayil ɗin babba ne a shafa wa bayansa ma. Kuma in fosilen ne, kwaɓin siminti da yashi zalla ba ya riƙe shi da kyau, saboda siminti yana kama abu ne ta hanyar shiga ƙofofinsa, fosilen kuwa ba shi da su. Gam mai alamar C2 ake sa masa.

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Ina sabon fita daga hannun maigidana, wani mai gida ya matsa min lamba a gama masa kafin iyalinsa su tare. Daɓen simintin kwana biyar ne da zubawa, in ka dafa shi har sanyin ruwa kake ji a tafin hannu. Na sani, amma na ji nauyin faɗa. Bayan wata takwas ya kira ni. Na sa yatsa na ɗaga tayil ɗaya ya taso ba gardama, bayansa fes kamar yanzu aka zaro shi daga katan, tambarin kamfanin ya fito raɗau a jikin busasshen simintin. Na cire falon gaba ɗaya na sake, ban karɓi ko sisi ba. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa, kuma tun daga ranar ba na sa tayil a kan wanda bai kai haka ba.

Yanzu abin yi: ka ɗauki mukulli da alli ka bi falon kana ƙwanƙwasa kowane tayil, duk wanda ya yi amo ka yi masa alama. In ƙalilan ne, a cire su da waɗanda suka tashi, a kankare tsohon simintin, a mayar da gam. Lallai a cire sikatin a yanke tazara a gindin bango, in ba haka ba wani wurin zai sake tashi. In alamar ta kai sulusin falon, faci ɓata kuɗi ne, sakewa ta fi.

Tambaya: Ƙafata ba ta shiri da sanyin tayil, ina son katako a ɗakin kwana. Amma ɗakin a ƙasa yake, kuma da damina gindin bangon yana danshi. Na ji ana maganar laminet. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da fama. Tayil da katakon da ke ɗaki ɗaya zafinsu ɗaya ne in an auna. Tayil yana saurin janye ɗumin ƙafarki ne, katako ba ya yi, shi ya sa kike jin bambanci. Don haka buƙatarki tana kan hanya. Sai dai danshin da kika ambata shi ne zai yanke hukunci.

Ki samo leda mai haske, ki yanko kamar rabin mita kowane gefe, ki manna ta a kan simintin ɗakin da salatif ta ko'ina, iska kada ta shiga. Ki bar ta kwana ɗaya cur. In kika ga raɓa a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, ruwa yana tasowa daga ƙasa. Ki yi gwajin da damina, kuma a wuri biyu ko uku. Irin wannan yakan faru ne in ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin kankare ba lokacin gini. Sabon daɓe kuma yana bushewa ne kamar milimita ɗaya a rana, wato mai kaurin santimita 4 sai ya yi kwana 40 ko fiye.

Katako zalla yana shan danshi ya kumbura ta faɗinsa, gefunan su ɗaga tsakiya ta lotsa. Ga kuma gara, wadda danshi da itace su ne abin nemanta. A busasshen ɗaki babu kamarsa, in ya tsufa a gurje shi a sake shafa masa mai ya dawo sabo, har jikoki su gada. A ɗakinki ba zan sa shi ba.

Laminet kuwa ba katako ba ne yadda ake zato. Wani kamfanin Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a 1977, shi ne aka sani da Pergo. Garin itace ne aka matse ya zama allo, aka ɗora masa takarda mai hoton katako, aka lulluɓe da fata mai tauri. Saman yana jure karce sosai, lambar AC3 ta isa ɗakin kwana, AC4 ta falo. Amma in ruwa ya shiga ta mahaɗa, garin itacen ya kumbura, ba ya komawa, kuma ba a gurzarsa.

Abin da zan nuna miki shi ne falankin roba da ake kira SPC. Garin farar ƙasa ne da roba aka haɗa, samansa hoton katako, ana sarƙa shi da juna babu gam. Ruwa ba ya kumbura shi, gara ba ta cin sa, kuma bai kai tayil sanyi ba ko da yake bai kai katako ɗumi ba. Ki tambayi kaurin fatar samansa, kada ta gaza milimita 0.3. Yana son daɓe sumul marar tudu da kwari, kuma ba ya son rana mai zafi ta dinga dukansa kai tsaye. A bar kayan su kwana biyu a ɗakin kafin a shimfiɗa, a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a gefen bango. Amma ki ji ni da kyau: ko shi ba maganin danshi ba ne. In an rufe ruwa a ƙarƙashinsa, fumfuna ce za ta yi gida, warin ya hana ki barci. A fara gano inda ruwan ke shigowa, a gyara magudanar da ke bayan bangon, a shafa wa simintin maganin hana ruwa, sannan a yi maganar shimfiɗa.

Tambaya: Na kashe kuɗi na sa mabul a falo da banɗaki. Mai aikina ta wanke banɗakin da maganin wanke masai, yanzu duk ya yi fari-fari ya daina ƙyalli. Akwai gyara?

Amsa: Akwai, Alhaji, kuma kada ka ga laifinta da yawa, mutane ƙalilan ne suka san haka. Mabul dutse ne mai laushi, taurinsa 3 kacal a ma'aunin Mohs, kuma asalinsa ɗaya da alli. Duk abu mai tsami yana cin sa nan take, maganin masai kuwa yawancinsa asid ne. Abin da kake gani ba datti ba ne, fatar dutsen ce ta narke, don haka goga ba zai fitar da shi ba. A kira masu injin gurza su bi shi daga faifai mai kaushi zuwa mai laushi, ƙyallin zai dawo, sannan a shafa masa man toshe ƙofofi, a dinga sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Wanki kuma da ruwa da sabulu marar ƙarfi kawai.

Ga wanda bai riga ya saya ba kuma yana son dutse, giranit ya fi haƙuri, taurinsa 6 zuwa 7. Ni dai har gobe raina yana kan tarazo, wanda mutane suka juya wa baya suna cewa tsohon yayi ne. Masu aikin dutse na yankin Benis a Italiya ne suka shahara da shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna tattara ɓarɓashin mabul da ya rage musu su cakuɗa su daɓe su gurje. Na shiga gine-ginen da tarazonsu ya girme ni, ƙafa dubu nawa ta bi ta kai, gurza ɗaya ya dawo kamar jiya aka yi. Shi ma dai ba ya son asid, tunda ɓarɓashin mabul ne a cikinsa.

Tambaya: Gidan haya nake, daɓen siminti ne. Ɗana yana da asma. Kafet zan sa ko leda?

Amsa: Allah Ya ba yaro lafiya. Kafet mai rufe ɗaki bango zuwa bango yana tara ƙura, a cikinta kuma akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda kashinsu na daga cikin abubuwan da suka fi tayar da asma. Tsintsiya ba ta fitar da su, tayar da ƙurar kawai take yi. Ka sa leda mai kauri, wadda za a goge da jiƙaƙƙen tsumma kullum, ka ɗora ƙaramar darduma da za a iya ɗauka a wanke a shanya a rana. Kafin shimfiɗawa ka cike ramukan simintin ka share tas, domin tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta huda ledar. Sabuwar leda tana da wari, ka shimfiɗa ta ka bar tagogi a buɗe na 'yan kwanaki kafin yaron ya kwana a ɗakin. Kada ka manna ta da gam, ranar tashi sai ka naɗe abinka.

Tambaya: Yaya zan ƙididdige yawan tayil da zan saya, kuma wane launi ya fi ɓoye datti?

Amsa: Ka auna tsawo da faɗi ka ninka, ɗaki mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ke nan. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 22. In a karkace za a jera, ka ƙara kashi 15. Kowane katan an rubuta yawan murabba'in mitar da ke ciki.

Launi kuma, fari fat yana nuna gashi da sawun ƙafa, baƙi wuluk yana nuna ƙura fiye da farin ma. Mai ruwan ƙasa ko ruwan toka da ɗan zane a jiki shi ne ke rufa wa mai shara asiri. Cikon tsakanin ma kada ya zama fari a ƙasa, wata uku ya yi baƙi.

Sannan ka duba lambar gashi da ke gefen katan, wadda ke nuna tayil ɗin da aka gasa tare. Samfuri ɗaya, suna ɗaya, amma in lambar ta bambanta launin yana iya ɗan saɓawa, girman ma ya bambanta da milimita ɗaya, kuma sai an jera ake gani. Ka tsaya a loda maka masu lamba ɗaya. In an gama aiki ka hana a tafi da ragowar, ka ajiye katan ɗaya cikakke a tsaye a kan gefensa a busasshen wuri. Ranar da famfo ya fashe a ƙarƙashin daɓe bayan shekara biyar, wataƙila kamfanin ya daina yin wannan samfurin, daga katan ɗin nan za a ɗauki na gyara.